Ina Neman Ciwo Mai Suna

Ban taɓa tsammanin akwai ranar da zan zauna a kan bencin asibiti ina roƙon Allah Ya sa a ce olsa ce da ni ba. Matan da ke layi tare da ni kowacce da carbinta, tana fatan sakamakon gwaji ya fito lafiya lau. Ni kuwa nawa fatan daban ne: a samo wani abu, ko ƙarami ne, mai suna, wanda zan ɗauka in kai wa 'yan gidanmu in ce to ga shi. Olsa ta yi mini. Suga ma da hannu biyu zan karɓa. Hawan jini kuwa ai ciwon manya ne, mai shi har kujera ake ba shi a gidan biki.

Kada a ce na zautu, bari in faɗi dalili. Ni malamar firamare ce, ina aure a Tumfure, inda gidaje ke ta tsirowa a tsakiyar gonakin mutane, ka buɗe taga da damina ka gaisa da masara. Mahaifiyata kuwa, da muke kira Dada, tana tsohon gidanmu na Shamaki. Bayan rasuwar mahaifinmu gigin tsufa ya kama ta. Ta fara da manta inda ta ajiye carbi, ta koma ta ci abinci ta ce tun jiya aka hana ta, daga ƙarshe ta manta mu. Yau ni ƙanwarta ce da ta rasu tun ban zo duniya ba, gobe mai tallan nono, yawancin lokaci kuma baiwar Allah kawai. Ba ta iya wanka da kanta, ba ta riƙe fitsari, kuma in ba an zauna an lallaɓa ta ba, ba za ta buɗe baki ta karɓi loma ba.

Mu biyu ta haifa, ni da yayana, Hamma. Aka raba aiki bisa adalci, irin adalcin gidanmu. Hamma yana da shagon yadi a kasuwa da gidansa a Kumbiya-Kumbiya, don haka shi ya ɗauki ranar Juma'a: in an sauko daga masallaci ya biyo da ledar ayaba, ya durƙusa ya gaida Dada, ya juyo ya ce mini Allah Ya yi albarka, ya shiga mota. Matarsa kuma kunya ce ta hana ta. Wai ina ita ina ganin tsiraicin surukarta! Kunyar tata mai faɗi ce ƙwarai, har wankin zannuwa da tuƙin tuwo ta rufe. Sai Goggo, ƙanwar mahaifinmu, da ke kwana a gidan, amma ita ma da ƙyar take kai kanta banɗaki, aikinta ba da umarni daga kan tabarma. Sauran ranakun mako nawa ne, har da ita Juma'ar bayan ayaba ta iso.

Da an tashi daga makaranta sai in tari keke mai ƙafa uku. Duk wanda ya san hanyar Tumfure zuwa cikin gari ya san ba tafiya ba ce ta wasa, mu huɗu a baya, ɗaya a gefen direba, kowane rami sai ya gaisa da ƙugunka. In isa Shamaki in ɗora ruwa, in yi wa Dada wanka, in wanke abin da ta ɓata, in dafa, in ba ta a baki tana tofo mini rabi, in share, in sake tarar keke dab da magariba. A gida kuma ga maigida ga yara ga littattafan 'yan aji na jiran jan biro. Haka na yi shekaru. Kuma ina son Dada, wallahi ina son ta. Abin da nake so kawai shi ne a ce yau Talata kaza ba sai na je ba, wani ya je. Amma wace 'yar halak ce za ta buɗe baki a Shamaki ta ce ta gaji da uwarta? Kafin ki rufe bakin an kai labarin gidan suna uku. Hanya ɗaya ce mace ke samun hutu a wurinmu ba tare da an tsine mata a ɓoye ba, wato ta kwanta ciwo, kuma ciwon ya zama wanda aka sani.

To, ciwon ya zo, sai dai bai zo da suna ba. Ya fara da wani abu a maƙogwaro, kamar lomar tuwo ta tsaya, in sha ruwa ta ƙi wucewa. Sai ƙirji ya ɗauka, nauyi kamar an ɗora mini turmi. Sai hannun hagu ya riƙa mutuwa tun daga kafaɗa har yatsu. Ranar da abin ya fi ƙamari a cikin keke nake, mun kusa shiga gari. Zuciyata ta hau bugu har ina jin ta a kunne, gumi ya karyo mini, numfashi ya ƙi sauka. Na ce shi ke nan, yau ce. Na hau kalmar shahada da ƙarfi. Direba ya taka birki, wani bawan Allah da ke riƙe da kaji biyu a cinya ya diro waje yana salati, kajin ma suka taya shi. Aka yayyafa mini ruwan leda. Can abin ya lafa, na ga ban mutu ba, ga jama'a sun taru suna jiran ganin gawa. Kunya ta rufe ni, na ce wa direba mu tafi, ana jirana a Shamaki.

Na fara da mai kemis ɗin unguwarmu, wanda tun daga ƙofa yake gane taifot da maleriya a fuskar mutum, ko da hanya ka shigo tambaya. Na shanye ƙwayoyinsa tas, turmin yana nan. Sai asibiti. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji, aka kwantar da ni aka manna mini wayoyi kamar za a yi mini caji. Kowane sakamako ya fito fes. Yaron ɗakin gwajin har murna yake taya ni, wai Hajiya jininki ya fi nawa kyau. Na ce na gode, a raina kuwa na ce Allah Ya ba ka irin wannan kyawun ka ji yadda yake.

Lokacin nan na ɗan kwanta a gida, 'yan dubiya suka fara zuwa. Kowacce ta ajiye ledar lemo, ta gyara zama, ta sassauta murya ta ce, "Sannu. Me likita ya ce?" In ce ba a ga komai ba. Sai ka ga fuska ta canza, kamar wadda ta biya kuɗin keke zuwa biki ta tarar an ɗaga. "Au, to alhamdu lillahi, ai da sauƙi ke nan." Daga nan hira ta koma kan tsadar shinkafa. Tunda kuma da sauƙi, kuma daga cikin gari suka taho har Tumfure, ai ba a bar baƙi da yunwa ba. Na tashi da turmina a ƙirji na dafa musu taliya. Wata ma da za ta tafi ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.

A zuwana asibiti na ƙarshe ne na faɗa hannun wata likita, 'yar wajen Kaltungo, doguwa, da ƙaramin gicciye a wuya, Hausarta tana fita a hankali kamar tana auna kowace kalma. Ta duba takardun gwajin duka ta ture su gefe. Ba ta tambaye ni inda ke ciwo ba, ta ce in ba ta labarin yadda nake wuni, tun daga asuba. Na fara ina taƙaitawa, ta ce a'a, duka. Da na kai wajen wankin zannuwan Dada sai na tsaya na gyara hijabi.

Ta ce, "Malama, zuciyarki lafiya take, huhunki lafiya, cikinki lafiya."

Na ce, "Wato ƙarya nake ke nan, Likita."

Ta ce ba ta ce haka ba, ciwon gaskiya ne, ina jin sa kamar yadda mai karaya ke jin nasa. Jikin mutum, in ji ta, bai san bambancin kare ya biyo ka da damuwar da ta ƙi ƙarewa ba. Shiri ɗaya yake yi wa duka biyun: zuciya ta ƙara gudu, naman wuya da na ƙirji su ɗaure, numfashi ya koma sama-sama. In kare ne, ka tsere, jiki ya saki. Ni kuwa nawa karen kullum yana nan, jikin bai samu ranar saki ba.

Na ce, "Haba Likita, mahaifiyata ce fa."

Ta yi dariya ta ce ba Dada take nufi ba, nauyin take nufi. Naman da ya shekara a ɗaure dole ya yi ciwo, shi ne turmin, shi ne lomar da ta tsaya. Numfashin sama-sama kuma shi ke kashe yatsu. Sannan ga tsoro. Mai olsa in cikinsa ya murɗa ya san baƙonsa, ya sha magani ya ci gaba da harkarsa. Ni da ba a gaya wa sunan nawa ba, ƙirji na motsawa zan kasa kunne, in ce mutuwa ce, tsoron ya ƙara wa zuciyar gudu, gudun ya ƙara tabbatar mini mutuwar ce. Haka abin ke ciyar da kansa har ya kai mutum ga shahada a cikin keke. Ta koya mini yadda zan riƙa jan numfashi a hankali har ciki in abin ya taso, ta ce amma babban maganin shi ne a rage mini kaya, a raba jinyar.

Bayaninta ya shige ni sarai, sai dai ba shi na zo nema ba. Na matso da kujera na rage murya na ce, "Likita, don girman Allah, ki rubuta olsa mana. 'Yar ƙarama. Ba wanda zai cutu."

Ta ce ba za ta rubuta mini abin da ba ni da shi ba. Kai, ban taɓa jin haushin mai gaskiya irin na ranar ba. Garin nan cike yake da masu rubuta abin da babu, ni kuwa sai da na tsallake su duka na faɗo kan wadda ke tsoron Allah.

Maigida da ya ji bayanin ya ce shi zai yi wa Hamma magana. Aka haɗu ranar Juma'a a tsakar gidan Shamaki, ayaba na gefe. Maigida ya yi ta kewaye-kewaye irin na mai jin nauyin surukai, daga ƙarshe ya ce likita ta ce wahala ce ta yi yawa, da zirga-zirga. Hamma ya gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe da sanin haka. Ya ce ai wannan shi ne sitires, yanzu kowa shi yake yi, shi ma in kaya suka maƙale a hanyar Kano yakan ji shi a wuya. Goggo daga kan tabarma ta ce ita ba ta san wani sitires ba. Ciwon da allura ba ta gani, na'ura ba ta gani, ai an san masu shi. Mace ta riƙa ratsa gonaki da almuru kullum, ta gaban tsamiyar nan ta hanyar Tumfure, me ake tsammani? Ita tun ranar da aka ce mun yi gini a can ta san za a rina.

Suka ɗan yi musu, shi yana kimiyya ita tana iskoki, ina zaune a tsakiya kamar ba jikina ake rabawa ba. Sai ga ikon Allah, bincikensu ya haɗu a wuri ɗaya. In keke ne ke jijjiga ni, a daina hawa keke. In tsamiya ce, a daina bi ta gabanta. Ga shi an kusa hutun makaranta. Saboda haka in tattaro kayana in dawo Shamaki gaba ɗaya, in riƙa kwana a ɗakin Dada, in huta sosai. Hamma har ya ce shi zai turo mota ta ɗauko ni, kada in wahala. Na dubi maigida. Maigida ya dubi ƙasa ya ce duk yadda manya suka gani. Ni kuma, jarumar da ta je har asibiti neman olsa, na buɗe baki na ce to, Allah Ya saka da alheri.

Hutu kam na sha shi. Da can rabin wuni nake yi, yanzu aka ƙara mini girma zuwa wuni da kwana. Goggo ta samu majinyaciya a hannu, ta tashi tsaye a kaina: hayaƙi da safe, rubutu da yamma, man zaitun a shafa, habbatus sauda a lasa. Ina tari cikin hayaƙin tana cewa yauwa, ga su nan suna fita. Yarana suna gida a Tumfure, ƙanwar babansu na kula da su, in sun kira waya in ce musu ina samun sauƙi. Turmin da ke ƙirjina kuwa ya samu taɓarya. Ina jan numfashin likita a bayan ɗaki, yana ɗan taimakawa, sai a ƙwala mini kira tun ban sauke na uku ba.

Wata ranar Laraba da hantsi na gama yi wa Dada wanka, na zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugunne a inuwar ɗaki ina shafa mata mai a ƙafa. Tun safe ta ɓata shimfiɗa sau biyu, ta watsar da kunu a jikina, ga tulin wanki na jira a bakin rijiya. Goggo ta yi barci. Ina cikin murza diddigenta abin ya taso, irin na cikin keke. Maƙogwaro ya toshe, hannu ya mutu, bugun zuciya ya cika mini kunne. Na saki ƙafar na zame na zauna daɓas a ƙasa, bayana a jikin bango, baki buɗe ina neman iska. Na san ba mutuwa ba ce, an gaya mini, amma sanin bai hana hawaye zuba ba.

Dada ta zuba mini ido. Ta daɗe tana kallona da wannan kallon nata na wadda ke neman inda ta san fuska. Sai ta miƙo hannu, duk mai, ta dafa kaina.

Ta ce, "Baiwar Allah, ba ki da lafiya ne?"

Na ce, "Lafiyata ƙalau, Dada. An gwada."

Ta ce, "Kayya. Ji yadda kika rame. Kullum ina ganinki a gidan nan, ke wanki, ke shara, ke girki. Ke ba ki da gida ne? Ba ki da 'ya'ya?"

Na ce ina da su.

Ta ɓata fuska, irin ɓacin ran da na sani tun ina ƙarama in ta ga an zalunci wani. "To wane marar imani ne ya ajiye ki a nan? Uwarki ta san irin aikin da ake sa ki? Da ni ce ita, wallahi da na zo da kaina na tafi da ke. Tashi. Tashi ki tafi gida ki kwanta, ni na ce."

Na kama hannun nata na riƙe. Duk asibitocin da na zaga, duk jinin da aka ɗiba, wannan maganar nake nema, ga ta ta fito daga bakin da ya fi kowane baki iko a kaina. Na ce, "Dada, in na tafi wa zai kula da ke?"

Ta yi murmushi, har da ɗan taƙama. Ta ce, "Kada ki damu da ni. Ina da 'ya, malamar makaranta ce. Yanzu za ki ga ta shigo. Ita ba ta gajiya."

Ban san tsawon zaman da na yi a ƙasan nan ba. Da numfashina ya dawo na ƙarasa shafa mata man a ɗaya ƙafar, na sa mata ɗankwali, na kai ta ɗaki. Na wanke fuska, na zura hijabi, na tsaya a zaure na kira Hamma. Na ce masa zan tafi Tumfure, akwai wanki a bakin rijiya, kuma Dada ba ta ci na rana ba, ya taho ko ya turo matarsa da kunyarta. Ya ce me ya faru? Na ce Dada ce ta ce in tafi gida. Ya ce haba, ai kin san Dada ba ta san abin da take faɗa ba. Na ce ni dai uwata ta ba ni umarni, kuma a gidanmu ba a koya mini saɓa wa uwa ba. Yana ta kiran sunana na kashe wayar.

Na tari keke a bakin titi. Ƙirjina bai saki ba, kada wani ya ɗauka waraka ce ta sauko daga sama, har yau in abubuwa sun taru yakan ɗaure, in zauna in ja numfashina. Na yi kuka tun daga Shamaki har gonakin Tumfure, matar da ke gefena tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Na isa gida rana tsaka, yara suka yi tsalle, na shiga ɗaki na kwanta.

Goggo ta gaya mini daga baya cewa Dada ta ƙi karɓar abinci a hannun matar Hamma sai da la'asar ta yi. Ta sa an fitar mata da kujera tsakar gida, ta zauna tana kallon ƙofar zaure, duk wanda ya motsa ta ce ga ta nan. Ranar dai 'yar Dada ba ta zo ba.